Wasiƙar da Na Rubuta da Bakin Kakanku

A walimar auren Sadik, ke Ummi kin tashi kin karɓi makirufo kin gaya wa jama'a da Turanci cewa mahaifinku ya zauna a ƙasar nan ne da bizar gwanaye, wadda ake ba wa mutumin da duniya ta shaida ya yi fice a aikinsa. Aka yi ta tafi. Wani bature abokin aikin Sadik ya zo ya riƙe min hannu kamar ni na ƙago wutar lantarki. Na yi murmushi na ce na gode, don ba wurin gyara zance ba ne, ga gwiwoyina sun gaji da tsayuwa. Amma gaskiya na gaji da labarin nan. Kun yi shekaru kuna ba da shi, kullum yana ƙara ƙiba, ni kuma ina kawar da kai. Akwai kuma labari na biyu da kuke yi a tsakaninku, kuna zaton kunnena ya yi nauyi: wai kakanku na Zariya, mahaifin mamanku, mutum ne mai wuyar sha'ani, wai bai taɓa son zamanmu a Amurka ba, shi ya sa ba ya sakin fuska da ni. Labaran nan biyu labari ɗaya ne, kuma duka a karkace kuka ɗauke su. Bari in miƙe muku su tun hannuna yana iya riƙe alƙalami.

Ba zan rubuta sunansa ba, kun san shi. Malam nake ce masa, domin malamina ne tun kafin ya zama surukina. A cibiyar binciken noma da ke wajen gari yake aiki, kuma rayuwarsa gaba ɗaya a kan wake ta ƙare. Ku da kuka san wake a gwangwani kawai, ku sani akwai wata ciyawa da ake kira wuta-wuta, tana kama saiwar wake a ƙarƙashin ƙasa ta tsotse shi, manomi ya yi wahalar damina ya tashi da kara. Malam ya yi sama da shekara goma a kan babur yana bin ƙauyuka, yana roƙon tsofaffin mata su ɗiba masa irin da suka gada, yana zubawa a ambulan yana rubuta sunan ƙauyen da na matar. A haka ya faɗa kan gonar wata tsohuwa can wajen iyakar ƙasa, inda wuta-wuta ta cinye gonakin maƙwabta ta bar tata. Sai dai waken nata ƙanana ne, baƙaƙe, masu tauri, ko kyauta aka kai kasuwa ba mai ɗauka. A lokacin na zo ina ɗalibi. Ni na yi damina biyar a durƙushe da hantsaki ina haɗa furen waken tsohuwar da na farin wake mai manyan ƙwayoyi, ina zaɓa ina zubarwa, har Allah ya ba mu wanda ya haɗa kyan wannan da taurin kan wancan. Manoma ba su damu da lambar da muka sa masa ba, waken Malam suka riƙa ce masa. Da muka zo buga sakamakon a mujallun masana, sunansa na sa a gaba, nawa a baya, kuma ni da kaina na buga a tafireta. Bai ce in yi haka ba, ni ma ban taɓa tunanin akwai wata hanya ba. A wurinmu ɗalibi ba ya shiga gaban malaminsa, ko a kan hanya ko a kan takarda.

Bayan na auri mamanku sai kunya ta shiga tsakaninmu, irin ta surukai. Ban ƙara cin abinci a gabansa ba, ban ƙara haɗa ido da shi ba. Maganar aiki mu yi ta a tsaye mu rabu. Duk wata magana ta gida kuwa sai ta bi ta bakin mamanku ko ta wani babba. Ku riƙe wannan, don ku da kuke kiran iyayen matanku a waya kuna raha da su kan ƙwallo ba za ku gane abin da ya biyo baya ba sai da shi.

Mun zo garin Beltsville na Amurka ne da bizar musayar masu bincike, ta 'yan shekaru, a kan in gama in koma. Kun san an yi muku yaya, Nana, wadda ciwon sikila ya ɗauke tana da shekara uku, muna kan hanyar asibiti na biyu bayan na farko sun ce ba su da jini. Sadik ma da ciwon aka haife shi. A nan likitoci suka shawo kan abin, har muka yi shekara guda cur ba a kwantar da shi ba, mamanku ta fara barci kamar sauran mutane. Sai ga biza ta zo ƙarewa, saura wata bakwai. Wurin aikina suna so in zauna, suka ce hanya ɗaya ta rage, wato bizar waɗanda suka yi fice, suka tura ni wurin wata lauya a Alexandria, wani gari nan kusa, hawa na goma sha ɗaya na wani dogon gini. Gajeruwar mace ce mai saurin magana, ba ta ko tambayi iyali ba. Ta ce in gaya mata abin da na yi wanda ba wanda ya yi shi a duniya. Na gyara zama na ce mun ɗan yi ƙoƙari a kan wake, da taimakon Allah da na malamaina. Ta ajiye biro ta dube ni.

"Dakta, ba a ba wa jama'a biza. Mutum ɗaya ake ba wa. Kai me ka yi?"

Na yi shekara arba'in ana koya min kada in ce ni, yanzu an ba ni wata bakwai in iya. Ta ce tana son wasiƙu daga manyan masana, kuma wadda ta fi kowace nauyi ita ce ta mutumin da sunansa yake gaban nawa a kowace takarda. In bai bayyana matsayina ba, jami'in da zai duba zai ɗauka ni mai riƙe masa jaka ne.

Na dawo gida na gaya wa mamanku, ita kuma ta kira Malam ta ce ana son ya rubuta min takardar shaida. Iyakar abin da ta faɗa ke nan, domin iyakar abin da na iya faɗa mata ta faɗa ke nan. Bayan mako uku wani mai dawowa daga gida ya kawo ta. Rabin shafi ce. Malam ya rubuta cewa ya san ni tun ina saurayi, ɗan gidan mutunci ne ni, mai riƙon amana, ba na makara, kuma bai taɓa jin an yi faɗa da ni ba. Ko kalmar wake babu a ciki. Mamanku ta karanta ta share hawaye, ni ma sai da na fita baranda. Ku ba za ku ga abin kuka a ciki ba. Amma uba a wurinmu ba ya yabon nasa a bainar jama'a, don kunya da kuma tsoron baki, kuma mutum irin Malam ya ce kana da amana, to ya gama ba ka duk abin da ke aljihunsa. Na kai wa lauya ina ji da kaina. Ta karanta cikin daƙiƙa goma.

"Wannan ta mai neman hayar ɗaki ce," in ji ta. "Ka rubuta abin da ake bukata, ka aika masa ya sa hannu. Kowa haka yake yi."

Ranar Lahadi muka sha cunkoson babbar hanya muka je Woodbridge gidan Alhaji Mamman, ɗan Nijar ɗin nan mai aikin rediyo, wanda kuke tsoron gemunsa kuna ƙanana. Muna cin dambu na ba shi labari, ina fatan ya ce kada in yi. Sai ya yi dariya har da buga cinya.

"Haba Dakta! Dosiye ne fa, fayil ɗin ofis kawai, ba huɗubar Juma'a ba. Abokar nan taka, lauya kamar yadda kuke cewa, ta san aikinta. Takarda ce za ta shiga akwati a rufe, wa zai karanta ta a Zariya?"

Muka dawo gida. Sai washegari da safe, bayan motar makaranta ta kwashe ku, mamanku tana goge tebur ta yi magana ba ta dube ni ba.

"Baban Ummi, ka san Baba. Abin da ya sa wa hannu rantsuwa ce a wurinsa."

"To me kike so in yi, Binta? Mu tattara Sadik mu koma?"

"Ban ce ba. Ka rubuta gaskiya kawai."

Na rubuta gaskiya, Allah ya sani, a karon farko. Na sa babur, na sa ambulan, na sa tsohuwar iyaka, sannan na sa damina biyar ɗina. Lauya ta karanta ta ce labari ne mai daɗi, amma duk wanda ya karanta shi tsohon zai ba wa biza. A nan nake so ku buɗe kunne, don na sha ɗora wa matar nan laifi a zuciyata kuma ba nata ba ne. Ba ta ce in yi ƙarya ba. Tambayata ta yi, ko zan iya cewa da gaskiya tunanin da aikin nawa ne ni kaɗai. Na tuna Nana a bayan mota, na ce zan iya. Na koma ofis na rufe ƙofa na cire babur, na cire ambulan, na cire tsohuwa. Na rubuta cewa irin waken nan, daga farkonsa har ƙarshensa, tunanin Dakta Habibu ne da aikinsa shi kaɗai, kuma sunana ya zo a gaba ne kawai saboda al'adarmu ta girmama na gaba. Sunana, wato sunan Malam, domin da bakinsa nake magana. Na san irin Turancinsa na mutanen da, na san yadda yake buɗe wasiƙa da yadda yake rufe ta, na kwaikwaye shi tsaf. Ban taɓa yin rubutu mai kyan wannan ba, kuma ban taɓa jin na tsani hannuna kamar ranar ba.

Mamanku ta karanta a tsaye, ta miƙo min.

"Wannan kam ba da bakina ba. Ka aika da kanka."

Na ɗauki takarda zan rubuta masa bayani in haɗa, na yi ta juya biro. Me suruki zai ce? Malam, ka taimaka ka ce ba ka yi aikin rayuwarka ba? Na yaga takarda huɗu. Daga ƙarshe na sa wasiƙar ita kaɗai a ambulan, na manna ɗan jan tambari a inda zai sa hannu kamar yadda lauya ta koya min, na kai wa masu jigilar saƙo. Ba sallama, ba gaisuwa, ba ya jiki. Na gaya wa kaina kunya ce. Yanzu da na tsufa na san rabinta kunya ce, rabinta tsoro.

Kwana goma ta dawo. Ya sa hannu, ya buga hatiminsa, bai canza ko harafi ɗaya ba. Da mamanku ta kira shi, jikin Sadik kawai ya tambaya. Wata biyu bayan haka biza ta fito. Muka yi sadaka, mutane suka cika gida, Alhaji Mamman yana ta cewa ai ya faɗa. Daga wannan bizar aka samu katin zama, daga katin aka samu fasfo ɗin da kuke yawo da shi. Na ɗauka magana ta shiga akwati an rufe, kamar yadda aka ce min.

Shekara biyu ta wuce, Malam ya zo yin ritaya. Cibiyar ta gina sabon ɗakin ajiye iri, suka yanke shawarar sa masa sunansa saboda waken. Mutumin da ya yi shekara talatin da ɗoriya bai mallaki ko motar kirki ba, wannan ne kaɗai abin da aikin zai bar masa. Kawunku Bashir ne ya kira mamanku da rana tsaka. Ya ce Baba ya rubuta wa shugabannin cibiya ya ƙi, kuma da suka matsa masa a taro sai ya miƙe ya ce aikin ba nasa ba ne, na Dakta Habibu ne shi kaɗai, in suna son karrama wani ga adireshinsa a Amurka. Ranar na yi abin da ban taɓa yi ba tun da na yi aure, na ɗauki waya na kira surukina da kaina. Muka gaisa, na durƙusa a tsakar falo kamar yana ganina.

"Malam, Allah ya ƙara maka lafiya, takardar nan ta ofishin shige da fice ce kawai. Babu wanda zai taɓa ganinta."

"Ni na gan ta, Dakta."

Bai taɓa ce min Dakta ba. Habibu yake ce min, in ransa ya yi fari ya ce Habibun wake.

"Malam, ai kowa ya san kai ne..."

"Ba zan gaya wa Amurka magana ɗaya in gaya wa mutanen Zariya wata ba. Hannun nan guda ɗaya ne. Ina yaran?"

Ya yi ritaya da agogon bango, irin wanda ake ba kowa. Daga nan duk ɗalibin da ya je gidansa da tambaya a kan waken sai ya ce ba shi ne mai shi ba, ya rubuta masa adireshina. Wasiƙu suka riƙa zuwa min. Aka gayyace ni taruka, aka ba ni allunan yabo, waɗannan da kuke gani a kwali a gareji kuna tambayar me ya sa ba na ratayewa. Sau biyu na tashi a taro na ce aikin na malamina ne, aka yi tafi aka ce kai, ga gwani ga tawali'u. Babu abin da ke gajiyar da mutum kamar ya faɗi gaskiya a ɗauke ta a matsayin ado. Mamanku ba ta taɓa ce min ai na gaya maka ba, ko sau ɗaya, kuma da ta faɗa da na fi samun sauƙi. In mun je gida hutu Malam yakan rungume ku, ya ba ku gyaɗa, ya yi muku tsiyar Hausarku ta 'yan koyo, ni kuma ya amsa gaisuwata da kyau, cikakkiya, irin wadda ake yi wa baƙo mai daraja. Abin da kuka gani ke nan kuka kira shi sanyin hali.

Na yi shekara goma sha ɗaya kafin in iya buɗe baki. Lokacin ya kwanta ciwo, na tafi ni kaɗai. Bayan azahar aka fito da shi inuwar darbejiya a kan tabarma, ya rame har zoben azurfarsa yana yawo a yatsa. Na jira mutane suka ragu, na matso na durƙusa na ce ya yafe min. Ya daɗe yana kallon kajin da ke tsakar gida.

"Na yafe tun kafin in ɗauki biro. Jikana ne fa. Kana ganin akwai ginin da zan fifita a kan Sadik?"

Na sunkuyar da kai, ya ci gaba.

"Binta ta ce min takardar shaida, na rubuta shaida. Ba wanda ya gaya min abin da mutanen suke nema. Da ka zo, ko ka aiko babba, ka ce Malam ga halin da ake ciki, da mun zauna mun rubuta tare. Ai gaskiyar ma ta isa."

"Na rubuta gaskiyar, Malam. An ce ba ta isa ba."

"Taka ka rubuta. Tawa ba ka sani ba, don ban taɓa faɗa maka ba." Ya yi tari, na miƙa masa ruwa. "Irin tsohuwar nan shekara shida yana cikin durowata. Na gwada haɗa shi sau uku, ya ƙi. Na riga na haƙura, na ce abin ya fi ƙarfina. Sai ga wani yaro ya zo ya yi abin da na kasa. Wannan zan rubuta musu, Habibu, da hannuna. Kunya ta hana ni faɗa maka, kai kuma ta hana ka tambaya."

Ban san lokacin da na fara kuka ba, ni da furfurata. Ya bar ni na yi, sannan ya ce in taimaka masa ya juya, gefen ya gaji. Bayan sati uku ya rasu, na riga na dawo nan, ina cikin jirgin ƙasa zuwa aiki aka kira ni.

Wasiƙun biyu suna cikin jakar fata a ƙasan durowar mamanku, gajeruwar da doguwar. Ku karanta su, za ku gane wadda ya rubuta. Ban ce ku yar da fasfo ɗinku ba, kuma kai Sadik kada ka kuskura ka ɗora wa kanka wannan, kana da shekara shida a lokacin, ba ka aiki kowa ba. In da za a mayar da ni ofishin nan a rufe ƙofa, ban san abin da zan yi ba, kuma ba zan yi muku ƙaryar cewa na sani ba. Abin da na sani shi ne ban tambaye shi ba.

Bayan rasuwarsa na rubuta wa cibiyar sau uku. Na ba su labarin babur da ambulan da tsohuwar iyaka, na gaya musu ni na tsara waccan magana, na roƙe su su sa sunansa a ginin. Biyun farko ba a amsa ba. Ta ukun wani sabon shugaba ya amsa, cikin ladabi ƙwarai. Ya gode min da wannan karamci, ya ce ba su yi mamaki ba, an san ni da girmama malamaina. Amma ba za su iya ba, in ji shi, domin marigayin da kansa ya rubuta musu cewa aikin ba nasa ba ne, kuma duk wanda ya san shi ya san ba ya ƙarya.